Jini na fita daga kafar fitsarin da aka buɗe wa mahaifina a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da aka cire wa mahaifina mafitsara saboda ciwon daji, aka buɗe masa kafa a gefen dama na ciki, fitsari na zuba a jaka. Ni ke canza masa jakar. Kullum na goge wurin sai in ga jini a audugar, shekaranjiya kuma fitsarin cikin jakar ya yi ja. Shi dai ya ce ba ya jin zafi. Abin ya tayar mini da hankali.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ɗawainiya 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri.

Jan naman nan da kike gani a cikinsa hanji ne. Likitan tiyata ya yanko guntun ƙaramin hanji, kamar santimita 15 zuwa 20, ya jona masa bututun ƙoda biyu, ya fito da bakinsa waje. Hanji cike yake da ƙananan jijiyoyin jini kamar dasashi, kuma ba ya jin zafin taɓawa. Don haka ɗigon jini a auduga lokacin gogewa, wanda ke tsayawa da kansa cikin 'yan mintuna, ba abin tsoro ba ne. Haka ma majinar da ke yawo cikin fitsarin, aikin hanjin ne. Sai dai rashin zafin kada ya ruɗe ki, don wurin na iya jin rauni Baba bai sani ba.

Gobe idan kin cire jakar, ki haska wurin da tocila ki ga daga ina jinin ke fitowa. Komai ya rataya a nan.

Idan daga saman naman ne, galibi jakar ce ke goga. Kafar na kumbura bayan tiyata, sannan ta motse cikin mako 6 zuwa 8, amma mutane da yawa suna ci gaba da yanka ramin jakar da tsohon awo. Ya kamata ramin ya fi kafar faɗi da milimita 2 zuwa 3 kawai. Idan ya matse, sai ya yanki naman. Idan ya yi faɗi, sai fitsari ya jiƙa fata ta saluɓe. Wani lokaci za ki ga farin gari kamar gishiri ya daskare a bakin, yana kankare naman. Ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi na narkar da shi. Akwai kuma ƙananan tsiro ja masu jini da an taɓa, ana ƙone su da magani a asibiti. Idan jini ya ɓalle, ki jiƙa bandeji mai tsabta da ruwan sanyi ki danna minti 10 zuwa 15 ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba. Don Allah kada a barbaɗa toka ko garin magani.

Abin da ya fi damuna shi ne jan fitsarin shekaranjiya. Idan jinin daga cikin ramin yake fitowa tare da fitsari, to daga sama ya taso: ƙwayoyin cuta, tsakuwar ƙoda, ko kuma ciwon dajin ya sake ɓulla a bututun ƙoda. Ko ya washe yau, ki kai shi wurin likitan da ya yi aikin cikin makon nan a gwada fitsari da jini, a ɗauki hoton ƙoda. Ki tafi da duk magungunan da yake sha. Asfirin da wafarin na tsinka jini, diclofenac da ake saye a kemis ma na ƙara zubarsa, ga cutar da ƙoda. Amma kada ya daina wanda likita ya rubuta sai an duba shi.

Sai dalili na uku na zubar jinin, wanda ba a cika samu ba amma yana kisa. Mai ciwon hanta, ko daga hepatitis B ko daga nau'in tsargiya mai kama hanta, jini na taruwa a jijiyoyin hanjinsa har su kumbura a gefen kafar. Fatar kewaye takan yi shuɗi-shuɗi, jinin kuma ya yi tsartuwa ba zato, ya tsaya, ya dawo. Ɗinki na tsayar da shi na ɗan lokaci, amma sai an toshe jijiyar ko an rage matsin jinin hanta kafin a huta. Idan Baba ya taɓa yin shawara ko kumburin ciki, ki faɗa wa likitan.

Ranar da kika ga gudan jini a jaka, ko jini ya ƙi tsayawa bayan dannawa, ko Baba na jiri da haki, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya daina zuba, ko naman ya yi baƙi, kada ki jira gari ya waye. Ki danne wurin da bandeji ku nufi sashen gaggawa, ki riƙe jakar da kika cire a leda don likita ya ga yawan jinin da ya zuba.