Ga wanda ya ce an gano masa kansar furostet, barci ya ƙaurace masa

Sannu Malam, Allah Ya ba ka lafiya. Tambayarka ita ce inda za ka samu bayanin da za ka yarda da shi. Kafin intanet, fara da takardar gwajinka. Nemi lambar PSA (sakamakon gwajin jini na furostet), da makin Gleason (ma'aunin tsananin kansar), wanda yawanci yake tsakanin 6 da 10, sannan ka tambayi likita ko ciwon ya fita daga furostet ɗin, wato ɗan sashen jikin namiji da ke ƙarƙashin mafitsara. Wannan kansar sau da yawa a hankali take girma. Mai maki 6 ma wani lokaci sa ido kawai ake yi, ana maimaita gwaji, ba tiyata ba ƙona ta da haske.

Lokacin da mahaifina ya kamu, ni nake raka shi da ɗan littafi ina rubuta duk abin da likita ya faɗa, domin shi kafin mu kai bakin ƙofa ya manta rabi. Ka tafi da wani naka, don Allah.

Shafin NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, da na ƙungiyar yaƙi da cutar kansa ta Amurka (American Cancer Society) suna da bayani mai tsafta. Masu tallar maganin da "yake narkar da cutar kansa" a Facebook kuwa, kada ka ba su ko kunne.