Ki fara masa da allonsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce an ba ɗanki ɗan aji biyar aikin gida kan yadda 'yan Adam suka riƙa adana labari da isar da shi tun zamanin da, kin rasa ta inda za ki kamo bakin zaren. Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Daura. Da can da Masar da Sin nake farawa, yara su yi ta hamma. Ranar da na shigo aji da allo da tawada da alƙalamin gamba, ranar ce suka miƙe wuya.

Tambaye shi: in ya haddace abin da malam ya rubuta masa, me ake yi wa allon? Wankewa. Ashe karatun a ka yake zaune, allon hanya ce kawai. To haka kakanninmu suka riƙe tarihi kafin tawada ta iso. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu da sarauniya Daurama, baki ne ya goya shi tsawon zamani. Maroƙan fada kuwa suna jero kirarin sarakuna ɗaya bayan ɗaya ba takarda a hannu. Ki kai shi hawan Sallar Gani ya ji da kunnensa. Isarwa kuma aikin tambari ne da sanƙira.

Sai dai baki da ƙarin gishiri. Nakan raɗa wa yaron farkon layi cewa akuyar liman ta haifi 'ya'ya biyu, ya raɗa wa na kusa da shi. Kafin magana ta kai ƙarshen aji, wallahi liman ne ya haihu. In sun gama dariya sai in ce, to ga dalilin rubutu.

A ƙasar Iraƙi ta yanzu, wajen shekara 5,000 da suka wuce, kan ɗanyar laka ake rubutu da tsinken kara, a shanya ta bushe. Abin da ke burge yara shi ne yawancinsa ba tatsuniya ba ce, lissafin hatsi ne da tumaki. Tamkar dai mai koko da ke jan layi a bango don kada ta manta masu bashi. Mutanen Masar da wata ciyawar bakin kogin Nilu suka yi abin rubutunsu, takarda kuma daga Sin ta fito, wajen shekara ta 105.

Nan nakan ɗan tsaya, don yaranmu sun ɗauka Bature ne ya kawo mana rubutu. Tun ƙarni na 17 malaman Katsina irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suna wallafa da Larabci. Takarda a kan raƙuma take ƙetaro Sahara daga Tarabulus, wata ma ƙirar Italiya ce. In an ɗaga ta a haske sai a ga jinjirin wata uku a jikinta. Tawada kuwa gawayi ne da ƙaro. Kowane littafi da hannu ake kwafarsa, a adana a gafaka, shi ya sa mai shi ba ya bayar da aro da daɗin rai. Hausa kanta da ajami aka fara rubuta ta.

Sauran kya bi da sauri. Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i a Jamus wajen 1450. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam ne editanta. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001.

Ni dai ina da wasiƙar ajami ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, har gobe tana karantuwa. Hotunan sunan jikata kuwa sun tafi ranar da wayata ta faɗa randa.

Ki jera masa allo, tsohuwar wasiƙa, kaset da waya a faifai, ya je da su aji ya yi bayani da bakinsa. Kaset ɗin sai kin zauna da shi, ki gaya masa yadda muke ɗaukar murya mu ba matafiyi ya kai wa 'yan'uwa a Kurmi, amsa ta dawo bayan wata guda. Nawa ɗaliban na ƙarshe juya shi suka yi ta yi, suna neman wurin sa caji.