Ba wanda aka ɗauka ba, wanda aka bari

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambaya ko wanda ɗan takarar shugaban ƙasa ya ɗauka mataimaki yana ƙara masa ƙuri'a da gaske, ko kuwa cike gurbi ne kawai tunda tsarin mulki ya ce sai da shi. Ni tun 2003 nake hidimar kamfen a nan Gombe. Na liƙa fosta, na yi ejan a akwati, na shiga gida-gida daga Jekadafari da Bolari har Kumo da Billiri. Abin da idona ya gani zan gaya maka.

Da wuya na haɗu da wanda ya ce zai dangwala wa wane saboda mataimakinsa. Talaka babbar fuskar da ke kan fosta yake kallo. Dubi 2023. Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima, tsohon gwamnan Borno, ɗan shiyyarmu. Cikin jihohi shida na Arewa maso Gabas, Borno kaɗai suka ci. Atiku ya kwashe Gombe da Bauchi da Adamawa da Taraba, har da Yobe da ke maƙale da Borno. Shi kuma Atiku ya ɗauki Ifeanyi Okowa yana kan kujerar gwamnan Delta, amma Peter Obi ne ya ci Delta. A 2011 ma Namadi Sambo yana mataimakin shugaban ƙasa Buhari ya kayar da su a Kaduna, jiharsa.

Sai dai kar ka ce Shettima bai yi komai ba. Doka ba yawan ƙuri'a kaɗai take nema ba, sai an samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. A Gombe da Bauchi Tinubu ya faɗi, amma ya haura kashi 25 ɗin. Irin wannan tsintar, nan kaɗan can kaɗan, ita mataimaki da gwamnoni suke taya ka yi.

Inda zaɓen mataimaki yake yi wa kamfen illa ko rana, a cikin gida ne. Ranar da aka sanar da suna, mutum ɗaya ne yake murna, manya uku ko huɗu da suka sa rai su koma gida da ciwo a zuci. Nyesom Wike, gwamnan Ribas na lokacin, shi ya zo na biyu a zaɓen fid da gwani na PDP a watan Mayun 2022, mutanensa suka saki jiki shi za a ɗauka. Da aka ɗauki Okowa, ga rigimar kujerar shugaban jam'iyya, sai gwamnoni biyar suka ja daga: Ribas, Oyo, Binuwai, Abiya, Inugu. Ko ɗaya daga cikin jihohin nan Atiku bai ci ba. Tazarar da ke tsakaninsa da Tinubu ba ta kai miliyan biyu ba. Ka yi lissafin da kanka.

Kuma wanda aka ɓata wa rai ba ya fitowa ya ce ya bar jam'iyya. Na taɓa ganin haka da idona a wani zaɓe, ba zan kama suna ba. Wani jigo da aka tsallake aka ba wani mataimaki ya zo taro, ya ɗaga hannun ɗan takara, aka yi tafi. Ana gobe zaɓe motocin da ya yi alkawari ba su zo ba. Da asuba ejan-ejan na mazaɓu uku wayoyinsu a kashe. Mata da tsofaffin da muka yi wata biyu muna bi har gida ba su samu abin hawa zuwa rumfa ba. Wallahi har yau abin yana cina, don ba abokan hamayya suka kayar da mu a akwatunan nan ba, zagon ƙasa ne.

Ka tuna Buhari. Ya yi da Chuba Okadigbo a 2003, Edwin Ume-Ezeoke a 2007, Fasto Tunde Bakare a 2011, bai ci ba. A 2015 ya ci da Yemi Osinbajo. Ba wai Osinbajo ya fi waɗancan jama'a ba ne. Shi hatimi ne a kan yarjejeniyar haɗakar da aka yi da su Tinubu, gwamnonin APC na Kudu maso Yamma kuma suka ɗauki kamfen ɗin kamar nasu.

Sai maganar addini, wadda mu a Gombe ba labari ake ba mu ba. Abiola da Babagana Kingibe sun yi tikitin Musulmi da Musulmi a 1993, hayaniyar ba ta kai ta 2023 ba. A 2023 kuwa, da Tinubu da Shettima suka yi irin wannan tikitin, har Yakubu Dogara, tsohon kakakin majalisar wakilai, ɗan Bogoro nan Bauchi, ya fito fili ya ƙi. Ina da abokan siyasa Kiristoci a Kaltungo da Billiri da suka ce mini ba su san da wane baki za su roƙi ƙuri'a a gida ba. Wasu suka yi shiru a zaɓen shugaban ƙasa, suka fito da ƙarfinsu a na gwamna. Ba banza ba aka saba ɗauko mataimakin gwamna daga Gombe ta Kudu, kamar Manassah Jatau da Inuwa Yahaya ya ɗauka.

Abu ɗaya ya canza mini tunani gaba ɗaya. A 2007 ko sau ɗaya ban ji an tambaye mu wane ne Goodluck Jonathan ba, kowa 'Yar'aduwa yake gani. Ranar 5 ga Mayun 2010 Allah ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa, washegari aka rantsar da Jonathan, ya riƙe ƙasar nan har 2015. Tun daga lokacin, in na shiga gida neman ƙuri'a aka tambaye ni labarin mataimaki, ba na hanzarin wucewa. Zama nake yi a tabarma in faɗi abin da na sani a kansa.