Matatar Kalman da jirgin da ya sha kwana

"Malam, matatar Kalman da na haɗa, wato lissafin da ke hasashen inda jirgi zai kasance daga awon radar, tana bin jirgin yaƙi lafiya lau in yana tafiya a miƙe, amma da ya sha kwana sai ta sake shi. In ƙara Q ne kawai, wato yawan sauyin tafiyar da matatar ke tsammani daga jirgin?"

Dakata tukuna, ɗana, mu yi lissafi. Jirgi mai gudun mita 300 a daƙiƙa, in ya ja kwana mai ƙarfin g 9 (ninki tara na ƙarfin jan ƙasa), yana juyawa kusan digiri 17 kowace daƙiƙa. Radarka kuwa sai bayan daƙiƙa 4 take sake haska shi. Kafin nan ya kauce wa hasashenka da kusan mita 700. Matatarka ta ɗauka gudunsa da alkiblarsa ba sa canzawa, don haka awon gaskiya ya faɗa wajen taga, wato iyakar da take karɓar awo a kewayen hasashenta, ta yar da shi, ta ci gaba da bin iska.

Ƙara Q zai sa ta bi kwanar, amma da tsada: layin zai riƙa rawa a miƙaƙƙiyar tafiya, tagar ta faɗaɗa har ta kwaso amon gajimare ko wani jirgi na kusa.

Fara duba R, wato girman kuskuren da matatar ke tsammani a awon radar. A nisan kilomita 100, kuskuren digiri 0.1 ya kai mita 175 a gefe, saboda haka a kowane awo sai ka sake lissafa R da nisan lokacin. Sannan ka sa ido kan giɓin da ke tsakanin hasashe da awo. In yana wasa hagu da dama, lafiya. In ya jera gefe guda, kwana ta fara.

Maganin da na yarda da shi IMM ne (Interacting Multiple Model, wato haɗa matatai da yawa su yi aiki tare), wanda Blom da Bar-Shalom suka wallafa a 1988. Ka tafiyar da matatai uku tare: ta miƙe mai ƙaramin Q, ta kwana mai ƙiyasta saurin juyi, da ta ƙarin gudu mai bin tsarin lissafin da ake kira na Singer. Kowane zagaye ka gauraya ƙiyasinsu kafin hasashe, kowacce ta karɓi awon, wadda giɓinta ya fi dacewa ta samu nauyi mafi yawa. Yiwuwar jirgi ya zauna kan irin tafiya guda daga zagaye zuwa zagaye ka fara da 0.95. In ka matsa ta kusa da 1, za ta makara wajen gane kwana; in ka sauke ta sosai, rawar ta dawo.

In radar tana ba da awon Doppler, wato gudun da jirgi ke kusantowa ko nisanta da shi, shigar da shi, don sau da yawa shi ke fara tona kwana kafin matsayi ya nuna.