Amsa: Me ya rusa Tarayyar Sobiyat, matsalar cikin gida ko matsin lambar waje?

Malam, ka tambaya ko Amurka ce ta rusa Tarayyar Sobiyat, ko kuwa daga ciki ta ruɓe. A ganina, ciwon cikin gida ne ya fi yawa. Tattalin arzikin da gwamnati ke tsara komai daga Mosko ya gaza ciyar da jama'a, har ta kai ƙasar tana sayen hatsi daga Amurka da Kanada, mata kuma suna kwashe sa'o'i a layi a bakin shaguna domin nama da sabulu. Da Gorbachev ya hau mulki a 1985 ya sassauta takunkumin faɗin albarkacin baki, sai jamhuriyoyin da ke cikin Tarayyar suka fara neman 'yanci, Lituweniya ta ayyana nata a Maris 1990.

Na waje ma sun taka rawa. Faɗuwar farashin mai a 1986 ta karya kuɗin shigar ƙasar, yaƙin Afganistan daga 1979 zuwa 1989 ya ci sojoji kusan 15,000, ga kuma tseren makamai da Amurka. Yunƙurin kifar da Gorbachev da ya ci tura a Agusta 1991, lokacin da Yeltsin, shugaban jamhuriyar Rasha, ya hau kan tankar yaƙi yana jawabin adawa da juyin mulkin, shi ya ƙarasa Tarayyar, Gorbachev ya sauka ranar 25 ga Disamba.