An ce an sayar da NEPA, to me ya sa mu ke sayen taransifoma?

Tambaya: Ina da injin markaɗe. Taransifomar unguwarmu ta ƙone, an yanka wa kowane gida kuɗi a sayi sabuwa, ni kuma jarina yana ƙarewa a man janareta. Tunda wuta ta koma hannun 'yan kasuwa, ba zan iya barin wannan kamfani in koma wani ba?

Amsa: Allah ya kawo sauƙi, Malam. A yanzu dai ba za ka iya ba. A Nuwamban 2013 aka fara miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta 11 da tashoshin samar da ita, gwamnati ta riƙe TCN, kamfanin da ke da manyan layukan dakon wuta. Kowane kamfanin rarrabawa an yanka masa yankinsa, wayarsa kaɗai ke ƙofar gidanka, farashi kuma NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta a ƙasa, ke tsayarwa, ko hukumar jiha a inda jiha ta karɓi ragamar. Manyan masana'antu ne ƙa'idar 2017 ta ba damar saye kai tsaye daga mai samarwa. Dokar 2023 ta ba jihohi ikon kafa tasu kasuwar, amma hakan bai ba magidanci zaɓi ba tukuna.

Karo-karon nan shi ya fi damuna, don kullum sai na ji irinsa. Wa ya ce muku sayen taransifoma aikin jama'a ne? Ita da turaku da wayoyin kan titi kayan kamfani ne, kuma an riga an sa kuɗin gyaransu cikin farashin da kuke biya. Ku saya, ta zama tasu, ku ci gaba da biyan bil: an ci ku sau biyu ke nan. Idan unguwa ta ga ba za ta iya jira ba, ƙa'ida ta yarda ta zuba kuɗinta, amma sai an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin kan yadda zai biya ku, kafin a kashe ko kwabo.

Mafi muni, kuɗin yakan faɗa hannun wani mai tsani da filaya da ke kiran kansa "ɗan NEPA". Ba rasit, ba katin aiki. Ya kawo tsohuwar taransifoma da aka shafa wa fenti, fis ya yanke ya cusa waya mai kauri a gurbinsa. Fis ɗin nan shi ke mutuwa don gidanka ya tsira. Ranar da wuta ta yi ƙarfi, injinka ne zai ƙone, ko yaron da ya taɓa ƙofar ƙarfe. Rai ake wasa da shi, jama'a, mu ji tsoron Allah!

Ku rubuta koke, masu gidaje su sa hannu, ku kai sashen koke-koke na kamfanin, a buga muku hatimi a kwafinku. Idan kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, ku ɗauki kwafin zuwa ofishin sauraren koke na NERC mafi kusa, ko hukumar wuta ta jiha idan jiharku ta karɓi ragamar. Kuma duk bil ɗin ƙiyasi da aka kawo na kwanakin duhun nan, ku haɗa shi cikin koken.