Ƙwan LED ɗina ya dusashe, ko na ƙona Arduino ɗin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne daga Dorayi. Na haɗa jan LED da rizista (abin da ke rage wutar da ke wucewa) mai om 220 a ƙafa ta 8 ta Arduino Uno, ƙaramin bod ɗin nan da ake rubuta wa umarni ya sarrafa na'urori. Da digitalWrite, umarnin kunna ƙafa da kashe ta, lafiya lau yake ƙiftawa, amma da na koma rijista (wurin ajiye saiti a cikin cip ɗin bod) na rubuta PORTB ^= (1<<0), sai hasken ya koma kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wani mai gyaran waya ya ce in cire rizistan, wai shi ke shanye wutar. Hankalina a tashe yake, bod ɗin aro ne.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, ba abin da ya ƙone. DDRB ka manta, wato rijistar da ke saita ko ƙafa ta karɓa ce ko ta fitar da wuta. A ATmega328P, cip ɗin da ke cikin Uno, kowace ƙafa tana tashi ne a matsayin ta karɓa, kuma in ka sa mata 1 a PORTB (rijistar da ke kunna ƙafa da kashe ta) a haka, rizistan cikin gida kawai ka kunna, mai om dubu 20 zuwa 50. Ɗan abin da ke tsiyayowa ta cikinsa ne kake gani. Sa DDRB |= (1<<0) a farko don ƙafa ta 8 ta koma ta fitar da wuta, magana ta ƙare.

Yanzu ga mai gyaran nan. Wallahi na gaji da wannan shawara, kusan kullum sai na ji ta. Da ka cire rizistan yau, ba abin da zai canja, domin ba shi ne ya rage hasken ba. Sai gobe ka gyara DDRB, ƙafar ta saki bolt 5 kai tsaye a kan ƙwan da bolt 2 kacal yake riƙewa, ba mai taka wa wutar birki. Takardar kamfanin da ya ƙera cip ɗin ta ce 40mA (mA ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne) ne iyakar da ƙafa ɗaya za ta ɗauka, kuma wannan bakin rami ne, ba wurin zama ba. Da om 220 ɗinka kana wajen 14mA.

Sai su ce maka "ai mun yi, bai ƙone ba." To, ba lallai ƙafar ta mutu ran nan ba, a hankali take dahuwa. Wata rana ta ƙi amsawa, ka zauna kana zargin umarnin da ka rubuta, mai bod kuma yana zarginka. Shi mai shawarar yana shagonsa yana shan shayi.

Bar rizistan a inda yake. Kuma ka riƙa amfani da |=, domin = kaɗai zai share maka saitin sauran ƙafafun, daga ta 9 har ta 13.